Ina Tabutu Ya Shiga? Bin Sawun Akwatin Bani Isra'ila Daga Ƙudus Zuwa Ɗabariyya Da Habasha

A azumin da ya wuce ne, wajen tafsiri a masallacin unguwarmu, alaramma ya ja aya ta 248 cikin Baƙara, inda annabin Bani Isra'ila yake ce musu alamar sarautar Ɗalutu ita ce Tabutu zai zo muku, a cikinsa akwai natsuwa daga Ubangijinku da ragowar abin da iyalan Musa da iyalan Haruna suka bari, mala'iku na ɗauke da shi. Malam ya fassara ya wuce. Da aka tashi sai wani yaro, ina jin bai wuce ɗan aji biyar a sakandare ba, ya durƙusa ya ce Allah gafarta malam, to yanzu shi akwatin yana ina? Malam ya yi murmushi ya ce Allahu a'alamu ɗana. A lokacin har na ɗan ji haushi, na ce malam ya zille. Kwana biyu tsakani sai ga wani ƙanen babanmu ya turo bidiyo a guruf ɗin gida na WhatsApp, wai an gano akwatin Annabi Musa a Habasha, ga hoton wani abu yana ta ƙyalli, a ƙasa an rubuta ka tura wa mutum goma. Daga nan na ɗauki abin da gaske na zauna na bi shi, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin bidiyon minti biyu.

Mu fara da shi kansa akwatin. Alƙur'ani bai siffanta shi ba, ya dai kira shi Tabutu, kalmar da ya sake amfani da ita a suratu Ɗaha aya ta 39 ga akwatin da mahaifiyar Annabi Musa (AS) ta sa shi ta jefa a kogi. Siffar tana wajen ma'abota littafi, a littafin Fitowa babi na 25: itace ne dangin bagaruwa, tsawonsa kamu biyu da rabi, faɗi kamu ɗaya da rabi, tsayi kamu ɗaya da rabi, wato mita ɗaya da ɗan ɗoriya kenan, bai fi adakar kakanninmu ba. An dalaye shi da zinariya ciki da waje, murfinsa zinariya zalla da siffofi biyu masu fukafukai suna fuskantar juna, ga zobba huɗu da ake zura sanduna a ɗauke shi a kafaɗa don ba a taɓa shi da hannu. Abin da ke ciki kuma tun a nan aka fara raba gari. Littafin Sarakuna na Farko ya ce babu komai sai allunan dutse guda biyu. Wasiƙar Ibraniyawa ta Kirista ta ƙara da tulun manna, abincin nan da aka saukar wa Bani Isra'ila daga sama, da sandar Haruna. Jalalaini da ake karanta mana duk azumi ya lissafo takalman Musa da sandarsa da rawanin Haruna da mudun manna da ɓaraguzan alluna, har ya ce a cikinsa akwai hotunan annabawa kuma tun kan Annabi Adamu aka saukar da shi.

Ita kalmar sakina ma an sha magana a kanta. Akwai wanda ya ce iska ce mai fuska irin ta mutum, akwai wanda ya ce wata halitta ce mai fukafukai biyu da wutsiya irin ta kyanwa, akwai wanda ya ce tasa ce ta zinariya da ake wanke zukatan annabawa a ciki. Ɗabari duk ya kawo su, amma ya zaɓi maganar Aɗa'u, cewa ayoyi ne da zukata suke gane su su natsu da su. Ni ma dai can hankalina ya fi kwanciya, zancen wutsiyar kyanwa ana jinsa an san daga wata kasuwa aka sayo shi.

Ɓatan farko ba shi ne matsala ba

Mutane da yawa suna haɗa ɓata biyu su mai da su ɗaya. Na farko shi ne wanda Alƙur'ani ya yi ishara da shi, kuma wannan an dawo da akwatin. A littafin Sama'ila na Farko, Bani Isra'ila sun ɗauko shi daga Shilo suka kai fagen yaƙi suna ganin da shi ba mai cin su, aka ci su ɗin, aka kashe 'ya'yan limaminsu Eli guda biyu, shi kuma tsohon mai shekara 98 da jin labari ya faɗo daga kujera wuyansa ya karye. Filistiyawa ne suka kwashe akwatin, kuma a kula, waɗannan wata al'umma ce ta da can da ta zauna a bakin teku, ba Falasɗinawan yau ba, sunan ne ya yi kama. Suka kai shi ɗakin gunkinsu Dagon a Ashdod, gari ya waye gunki ya kife, washegari kai da hannuwa a karye, sannan annoba ta ɓarke, Ashdod ta tura wa Gat, Gat ta tura wa Ekron, kowa na cewa ba a gidana ba. Wata bakwai suka gaji, suka ɗora shi a amalanke suka ɗaura shanu biyu suka sake su. Malaman tafsirinmu sun san wannan labarin sarai, har wasu suka ce ai mala'ikun ne suka koro shanun, amma Ɗabari ya tsaya a kan zahirin aya, cewa ɗaukowa suka yi har suka ajiye a gidan Ɗalutu.

Daga nan akwatin ya zauna a wani gari Kiriyat Yeyarim, wanda yau yake gefen ƙauyen Larabawa na Abu Gosh a yamma da Ƙudus, sai Annabi Dawuda (AS) ya kai shi Ƙudus, Annabi Sulaimanu (AS) ya sa shi a ƙuryar ɗakin ibadar da ya gina, ƙuryar da babban limami kaɗai ke shiga sau ɗaya a shekara. To a nan ne fa ya yi ɓatan dabo. Abin da mutum ɗaya ke gani sau ɗaya a shekara, cikin hayaƙin turare, in ya ɓace wa zai ba da labari?

Abin da takardu suka nuna, da abin da suka yi shiru a kai

Ambato na ƙarshe da aka yi masa a matsayin abin da yake nan shi ne littafin Tarihi na Biyu babi na 35, inda sarki Yosiya, wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce wa Lawiyawa, masu hidimar ɗakin ibada, su mai da akwati mai tsarki cikin ɗakin da Sulaimanu ya gina. Ka ga wannan maganar kanta da walakin, don in ana cewa a mayar to an taɓa fitarwa kenan. Kakan Yosiya, wato Manassa, shi ne ya kafa gunki a cikin ɗakin, shi ya sa wani masani Bayahude Menahem Haran ya ce tun zamanin Manassa aka kawar da akwatin. Kafin nan ma ɗakin ya sha wawaso. Fir'aunan Masar Shishak ya kwashe dukiyarsa wajen 925 kafin Annabi Isa, Yehowash sarkin Isra'ila ta arewa ya kwashi zinariya da azurfa, Hezekiya da kansa ya ɓamɓare zinariyar ƙofofi ya biya Assuriyawa a 701. Ko wanne cikin waɗannan zai iya zama ranar.

Sai babbar ranar, 586 kafin Annabi Isa, da rundunar Buktanasar sarkin Babila ta ƙone ɗakin ƙurmus. Abin mamaki marubucin littafin Sarakuna na Biyu ya zauna ya lissafa kayan da aka kwasa ɗaya bayan ɗaya, ginshiƙan tagulla, babbar kwatarniyar tagulla, tukwane, manyan cokula, har abin gyaran lagwanin fitila bai bari ba, amma ko sau ɗaya bai ambaci akwatin ba. Kamar ɓarayi su shiga gidan sarki a rubuta ripot a ce an sace buta da tabarma da shantali, a manta da sandar girma. Da Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 ya mayar wa Yahudawa kayansu, littafin Ezra ya ce guda 5,400 ne na zinariya da azurfa, nan ma babu akwati. Annabinsu Irmiya kuwa, wanda ya ga wannan zamani da idonsa, cewa ya yi lokaci na zuwa da ba za a ƙara ambaton akwatin alkawari ba, ba za a tuna shi ba, ba za a kuma ƙera wani ba. Ba a cewa ba za a ƙera wani ba sai in na farkon ya tafi.

Ɗaki na biyu da suka gina bayan dawowa wayam ƙuryarsa take, su da kansu suka faɗa. Janar ɗin Rumawa Pompey ya kutsa ciki a shekara ta 63 kafin Annabi Isa, bai ga komai ba. Da Titus ya rushe ɗakin a shekara ta 70 miladiyya, aka gina masa ƙofar nasara a Roma wadda har gobe tana tsaye, an sassaƙa sojoji ɗauke da fitilar nan mai rassa bakwai da teburi da kakaki, babu akwati. Masu cewa yana ɓoye a Fadar Paparoma sai su fara amsa wannan tukuna.

Inda malaman Yahudu suka ajiye shi

Su ma ba bakinsu ɗaya ba. A Talmud, babban kundin maganganun malamansu, cikin babin Yoma, Rabbi Eliyeza ya ce Babila aka tafi da shi, wasu suka ce a'a a wurinsa aka binne shi, kuma Yosiya ne ya ɓoye shi tare da tulun manna da kwalbar man shafawa da sandar Haruna saboda ya hango abin da ke tafe. Musa bin Maimun, babban malaminsu ɗan Ƙurɗuba wanda ya rasu a Masar a 1204, shi ya ba wa wannan ra'ayi ƙarfi, ya ce tun lokacin gini Sulaimanu ya san za a rushe ɗakin, sai ya haƙa masa maɓoya mai zurfi mai lauje-lauje a ƙarƙashi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Mishna, tsohon littafinsu na shari'a, babin Shekalim. Wai wani limami yana aikinsa a ɗakin ajiyar itace sai ya lura wani daɓe ya bambanta da 'yan'uwansa, ya taso ya fara gaya wa abokinsa, bai ƙarasa maganar ba rai ya yi halinsa, sai suka ce lalle nan aka ɓoye akwatin. Duba fa yadda labarin ya ginu: hujjar cewa yana nan ita ce wanda ya sani ya mutu kafin ya nuna wurin. Haka za ka ga kusan duk sauran labaran suke, kowanne da ƙofarsa da kwaɗonsa a jiki.

Littafin Makabiyawa na Biyu ya ce Irmiya ne ya ɗauki akwatin da alfarwa da bagadin turare ya kai wani kogo a dutsen da Musa ya hau ya hango ƙasar, wato Nebo da ke Urdun a yau, ya toshe bakin kogon, da wasu suka bi don su sa alama sai suka kasa gane hanya, ya yi musu faɗa ya ce wurin zai zauna a ɓoye sai ranar da Allah ya tattaro mutanensa. Wani littafin mai sunan Baruk ya ce mala'ika ne ya sauko ya ba wa ƙasa ajiyar kayan ɗakin ta haɗiye. Samariyawa kuma, wata al'umma mai bin Attaura da ta raba hanya da Yahudawa, suka ce kayan alfarma na dutsensu Gerizim kusa da Nablus, har a shekara ta 36 miladiyya wani mutum ya tara jama'a zai nuna musu inda Musa ya binne su, gwamna Bilatus ya aika dawakai aka karkashe su, abin da ya jawo aka kira shi Roma ya rasa kujerarsa. Tun a lokacin neman akwatin nan yake cin rayuka.

Namu ɓangaren: Ɗabariyya ko Anɗakiya

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: Alƙur'ani ya ba da labarin zuwan Tabutu, bai ce uffan a kan inda ya ƙare ba, kuma Buhari da Muslim ba su kawo hadisin da ya faɗi wurin ba. Abin da ke yawo asarai ne. Ɗaya ana jingina shi ga Ibn Abbas a littattafan tafsiri, cewa Tabutu da sandar Musa suna cikin tafkin Ɗabariyya da ke arewacin Falasɗinu kuma za su fito kafin tashin ƙiyama. Sauran suna cikin Kitabul Fitan na Nu'aimu bin Hammad wanda ya rasu a 228 bayan hijira. A ciki akwai mai cewa Mahadi zai fito da Tabutu daga wani kogo a Anɗakiya, garin da ke kudancin Turkiyya a yau, akwai kuma mai cewa daga tafkin Ɗabariyya zai bayyana a hannunsa, a ɗauke shi a ajiye a gabansa a Baitul Maƙdis, Yahudawa na gani sai su musulunta in ban da kaɗan. Wannan na biyun da "labari ya iso mini" ya fara, ka ji fa, babu wanda ya ce Manzon Allah (SAW) ya ce.

Shi Nu'aimu mutumin kirki ne, malamin Buhari ne, a kurkuku ya rasu saboda ya ƙi yarda cewa Alƙur'ani halitta ne, amma Zahabi ya faɗa ƙarara cewa littafin nan nasa cike yake da abubuwan mamaki da munkarai. In kuma ka bi zancen Anɗakiya sai ka tarar ya tuƙe a kan Ka'abul Ahbar, malamin Yahudawan Yaman da ya musulunta bayan wafatin Annabi (SAW). Ba zarginsa ake da ƙarya ba, abin da ya karanta a littattafan mutanensa yake faɗa, kuma biri ya yi kama da mutum: kogo, ɓoyewa, fitowa a ƙarshen zamani a hannun wanda ake jira, ai zubin labarin Irmiya ne sak, sunan wuri da sunan mai fitowa da shi kawai aka canja. Yahudawa na jiran nasu Almasihun ya fito da shi, littattafanmu suka ce Mahadi, 'yan Shi'a kuma a cikin littafinsu na hadisi Alkafi suna da ruwayar cewa makamin Annabi a wajen imamai kamar Tabutu ne a wajen Bani Isra'ila, inda yake nan shugabanci yake.

Yadda zancen ya iso ƙasar Hausa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Suyuɗi wanda ya rasu a 1505 ya tattara irin waɗannan asarai a ɗan littafinsa na labaran Mahadi, Al'arful Wardi, kuma Suyuɗi ba baƙo ba ne a nan, shi ne ya rubuto wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, shi ne kuma ya rubuta rabin Jalalaini da Baƙara ke ciki. Malamai sun raba Isra'iliyyat, wato labaran da aka ɗauko daga ma'abota littafi, kashi uku, wanda shari'armu ta gaskata, wanda ta ƙaryata, da wanda ta yi shiru a kai, kuma hadisin Buhari ya ce kada ku gaskata ma'abota littafi kada kuma ku ƙaryata su. Zancen wurin Tabutu a kashi na uku yake, a ba da shi a matsayin labari ba laifi, amma a hau mumbari a rantse a kai wannan kam wuce gona da iri ne.

Shi tafkin Ɗabariyya ba wani teku ba ne, tsawonsa kamar kilomita 21, faɗi 13, mafi zurfinsa bai wuce mita 43 ba. Sunansa ya zo a ingantattun hadisai na Muslim, Dujal ya tambayi Tamimud Dari ko har yanzu da ruwa a cikinsa, Yajuju da Majuju kuma za su shanye shi, ina jin wannan ne ya sa zancen Tabutu ya sami wurin zama a can cikin sauƙi. A 1986 fari ya ja ruwan baya har aka tono wani kwalekwalen masunta mai shekara wajen 2,000 a cikin taɓo, yana gidan tarihi yanzu. Kwalekwale ya fito, akwati shiru.

Habasha, inda aka ce yana nan yanzu haka

Su Kiristocin Habasha ba sa cewa ya ɓata. Littafinsu Kebra Nagast na ƙarni na 14 ya ce sarauniyar Saba, wadda muke kira Bilkisu su kuma Makeda, ta haifa wa Sulaimanu ɗa mai suna Menelik, ya girma ya je ganin mahaifinsa, da zai dawo sai ɗan babban limami da ke cikin 'yan rakiyarsa ya ɗauko akwatin a asirce ya bar katako a madadinsa. Suka ce yana garin Aksum, a wani ƙaramin ɗaki kusa da cocin Maryam ta Sihiyona, ɗakin da aka gina zamanin Haile Selassie. Mai tsaronsa mutum ɗaya ne tak, ba ya fita daga harabar har ya mutu, kuma ko shugaban cocin ƙasar ba a buɗe masa. Aksum ɗin nan dai ita ce daular Najjashi da sahabbai suka yi hijira zuwa gare ta a 615, kuma su ma kalmarsu tabot ce, 'yar'uwar Tabutu ta Larabci.

Ban raina imaninsu ba, don abin ya ratsa rayuwarsu fiye da kowa. Kowane coci a Habasha sai da tabot ɗinsa, allo ne na itace ko dutse, in babu shi ginin ba coci ba ne, kuma ranar bikin Timkat a watan Janairu limamai ke ɗauko su a ka a lulluɓe da yadi mai ado ana kaɗe-kaɗe. Amma ta fuskar tarihi akwai rami. Tsakanin Sulaimanu da rubuta Kebra Nagast an haura shekara 2,000, kuma littafin ya zo daidai lokacin da sabon gidan sarauta da ya karɓi mulki a 1270 yake buƙatar nuna cewa shi jinin Sulaimanu ne. Ga kuma Yosiya da ke maganar akwatin a Ƙudus shekara 300 bayan ranar da aka ce an sace shi. Wani farfesa masanin Habasha, Edward Ullendorff, ya gaya wa jaridar Los Angeles Times a 1992 cewa shi ya shiga ya gani a 1941 lokacin yana tare da sojan Birtaniya, akwatin katako ne babu komai a ciki, ƙirar tsakiyar zamani. A Yunin 2009 aka yi ta yayata cewa shugaban cocin, Abune Paulos, zai bayyana shi ga duniya, rana ta zo ya ce shi dai yana tabbatar da cewa yana nan, shi kenan. Wani abin haushi kuma, sojan Birtaniya da suka ci Magdala ta Habasha a 1868 sun kwashe tabot da dama, guda 11 na gidan tarihin Birtaniya a Landan a kulle a wani ɗaki, ba a nuna su ga kowa, ba a kuma mayar wa masu su ba.

Masu haƙa

Nan ne lamarin ya tashi daga labarin zaure ya zama fitina. A 1909 wani tsohon hafsan sojan Ingila, Montagu Parker, ya haɗu da wani ɗan Finlan, Valter Juvelius, wanda ya ce ya gano wasu lambobin sirri a littafin Ezekiyel da ke nuna inda dukiyar Sulaimanu take. Suka tara kuɗi wajen attajirai, suka ba wa jami'an daular Usmaniyya na goro, ta Turkiyya fa ba tamu ta Sakkwato ba, suka yi ta haƙa a kudancin Haramin Ƙudus kusan shekara biyu ba su sami ko anini ba. Da kuɗi ya fara ƙarewa sai suka sayi shehin da ke kula da Haramin, suka sa kayan Larabawa suna shiga da dare, har suka kai ga haƙa a kogon da ke ƙarƙashin Sakhra, dutsen da Abdulmalik bin Marwan ya gina wa ƙubba a 691. A Afrilun 1911 wani ma'aikacin masallaci da ba a saye shi ba ya zo kwana ya ji ƙarar diga, ya leƙa ya ga Turawa, ya fita da ihu. Lokacin kuma garin cike yake da maziyartan bikin Nabi Musa. Kafin gari ya waye an ce sun sace zoben Sulaimanu, an ce kambinsa, an ce Tabutu. Parker da mutanensa suka ari na kare zuwa Yafa suka faɗa jirgin ruwa, gwamnan Ƙudus ya rasa kujerarsa, maganar ta kai har majalisa a Istambul.

Bayan shekara 70, a 1981, limamin Yahudu mai kula da Bangon Yamma, bangon Haramin da Yahudawa ke addu'a a jikinsa, Yehuda Getz, ya fasa wata tsohuwar ƙofa ta ƙarƙashin ƙasa da ake kira ƙofar Warren ya fara kwashe ƙasa yana nufar ƙarƙashin ƙubbar, da maganar Musa bin Maimun a ransa. Ma'aikatan Waƙafi suka ji motsi ta cikin wata rijiya, matasa suka sauka, aka dambace a cikin rami, gwamnatin Isra'ila ta sa aka toshe wurin da siminti. A Satumban 1996 kuma buɗe wata ƙofa kawai ta ramin da ke bin bangon ya jawo rikicin da ya ci kusan mutum 80. Don haka in ka ji Falasɗinawa na ƙorafin haƙe-haƙe a gefen Al'aƙsa kar ka ɗauka tsoro ne na banza, an taɓa yi, ba sau ɗaya ba.

Sauran masu iƙirarin ba su cancanci dogon zance ba. Ron Wyatt, ma'aikacin jinya daga Amurka, ya ce ya gan shi a wani kogo a Ƙudus a 1982, har ya mutu a 1999 bai nuna hujja ɗaya ba. Wani Ba'amurken, Tom Crotser, ya ce ya ɗauko hotonsa a wajen Nebo a 1981, masanin da ya duba hoton ya hango ƙusa irin ta zamani a jiki. A Zimbabuwe an ce wata gangar katako ta ƙabilar Lemba ce, aka auna shekarunta aka ga ta wajen 1350 ce.

In ka tambaye ni inda na karkata, ni dai ina ganin itace ne da zinariya a garin da aka yi wa wawaso sau da yawa sannan aka banka masa wuta, kuma littafin Sarakuna ya ce tun a zuwan Buktanasar na farko a 597 kafin Annabi Isa ya sa aka daddatse kayan zinariyar da Sulaimanu ya ƙera. Mai yiwuwa an ɓamɓare zinariyar an narke, itacen ya bi wuta, marubutan kuma abin ya yi musu nauyin da ba za su iya rubutawa ba. Akwai ma wani tsohon littafinsu mai sunan Ezra, na wajen shekara ta 100, da ya faɗa cikin kuka cewa an washe akwatin alkawarinmu. Wannan rinjayen zato ne nawa, kuma wanda ya sa mala'iku suka ɗauko shi a karon farko ba abin da zai gagare Shi a karo na biyu, sai dai ba Shi ya ce mana Ɗabariyya ko Anɗakiya ko Aksum ba, mutane ne suka ce.

Na tattara wannan duka na tura wa baffan namu, na ƙara da cewa abin da ke cikin bidiyonsa kwaikwayo ne irin wanda ake ƙerawa don baje koli, tunda na Aksum ko kyamara ba ta taɓa shiga wurinsa ba. Sai bayan isha'i ya amsa da muryarsa, ya ce to ɗana na ji, Allah ya ƙara ilimi, amma ai ka ga Mahadin bai bayyana ba tukuna. Yaron nan ɗan sakandare kuwa na gamu da shi a bakin masallaci ranar ashirin da bakwai, na ce ka sami amsar tambayarka? Ya ce a'a yaya, amma wani abokinsa ya ce masa yana Amurka a wani sito na soja.